Jan Makullin Khaulat

Ni nake riƙe da lasifika a saman tifa ranar, saboda haka duk wanda ya ce muku ya fi ni ganin yadda Shaho ta kama da wuta, ku ce masa Nu'uman ya ce ya ji tsoron Allah.

Shaho mota ce. Tsohuwar tasi ce da ta gaji da zaryar Kano zuwa Wudil, muka kwashe kujerunta, muka yi mata kejin ƙarfe a ciki, muka shafe ta da shuɗin fenti. Da irinta muke tsere, mu 'yan ƙungiyar tseren mota, a wani fili da muke ara a hanyar Indabo in an kwashe amfanin gona. Bana kuwa abin ya girma, don 'yan Kano da 'yan Dutse sun ce suna nan tafe ranar Asabar. Ba a zancen komai a garin nan sai shi, har masu suyar kifi a bakin gada sun rabu gida biyu.

Ranar Laraba aka fito gwajin ƙarshe. Yahuza ne direban Shaho, ɗan Indabo, ɗan tsamurmurin saurayi, amma in ya kama sitiyari abin ba a cewa komai. Ya sha kwanar farko, ya sha ta biyu motar na tafiya a karkace, ni kuwa ina ta zuba masa kirari har muryata ta dishe. A kwana ta gaba ya daki tayoyin da muka jera a gefe. Sai hayaƙi. Kafin in rufe baki wuta ta leƙo ta ƙarƙashin bonet.

To, ga abin da ya kamata ya faru. Bana kowace motarmu tana da jan makulli biyu, ɗaya a waje a gindin gilashin gaba, ɗaya a ciki kusa da direba. Ko wanne ka murɗa, wutar batir ta yanke, inji ya mutu, famfon mai ya daina turo fetur. Aikin Khaulat ne, 'yar Malam Abdulbaqi tsohon hedimasta, wadda take karatun injiniyan lantarki a jami'ar garin nan. Ita ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana yi mana bayani, har shugabanmu Alhaji Ja'afaru mai tifofin yashi ya ce motar da ba ta da shi ba za ta hau fili ba.

Alhaji Ja'afaru da kansa ya ruga, da tumbinsa da komai, ya murɗa makullin waje har ya zaro shi a hannunsa. Wallahi injin ko tari bai yi ba. Yana ta gurnani, fetur na tsartuwa a kan wuta. Yahuza kuma maimakon ya fito, sai muka ga ya sunkuya yana lalube a ƙasa, muka ɗauka bel ɗinsa ne ya maƙale. Da ƙyar aka finciko shi. Khaulat ce ta ratsa mutane da filaya a hannu, ta buɗe bayan motar inda batir yake, ta cire kansa, sannan injin ya yi shiru. Muka kashe wutar da yashin tifa.

Yahuza ya tsira, amma hannunsa na hagu ya ƙone har gwiwar hannu.

Kafin magariba Wudil ta yanke hukunci. Wasu suka ce dama ina mace ina wayarin mota. Wasu suka tuno cewa ko a makon jiya Shaho ta mutu a tsakiyar kwana ba dalili, har 'yan kallo suka riƙa ihu Shaho ta zama kaza. Direbobi suka ce a cire musu wannan jan bala'in kafin ya soya su. Alhaji Ja'afaru ya sa aka jawo motar zuwa garejin tifofinsa, inda motocinmu suke kwana, ya hana kowa taɓa ta, musamman Khaulat. Ya ce gobe bayan la'asar za a zauna, in aikinta ne ya jawo, za a tuge makullan daga kowace mota.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da mahaifinta ya yi. Malam Abdulbaqi ya zo har garejin, bai ɗaga murya ba, ya ɗauki akwatin kayan aikinta ya saɓa a hammata.

"Na bar ki ne don kin ce rai za ki tsare," ya ce. "In hannunki ne ya ƙona ɗan mutane, kin taɓa mota na ƙarshe."

Ba ta yi kuka ba. Ni ne ma na ji idona ya kawo ruwa, don a gabana ta gwada makullin nan da safiyar ranar. Ta tayar da Shaho, ta murɗa, injin ya mutu murus. Na faɗa wa mutane, suka ce ai ni maroƙi ne, bakina ba shi da linzami.

* * *

Washegari da sassafe na hau babur na tafi wajen Kawu Ɗantani, ƙanin mahaifiyata. Duk wanda ya taɓa rasa saniya a kasuwar shanu ta Kara ya san shi. Bin sawu ne aikinsa tun yana saurayi, ya sha biyo ɓarayin shanu daga Wudil har cikin dajin Jigawa. Na same shi yana shan koko a ƙofar gida, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar ba shekaranjiya ya gan su ba.

"Ni sawun shanu na sani," ya ce da na gama labari. "Me na sani a mota?"

"Kawu, motar ba ita ta ɓata kanta ba. Wanda ya ɓata ta da ƙafa ya je."

Ya ajiye ludayi ya dube ni. "Yau kuma ka yi magana mai kai. Tayar da babur."

Garejin Alhaji Ja'afaru duk yashin kogi ne da tifofi suke zubarwa, Kawu yana ganinsa ya yi murmushi kamar an ba shi kujerar Makka. Bai nufi motar ba tukun. Ya ce in nuna masa inda ta kwana daren Talata. Wurin yana lungu a bayan tankin ruwa, ba mai bi. Ya tsuguna, ya karkata kai yadda hasken rana zai kwanta a kan yashin, ya daɗe.

"Mutum uku," ya ce. "Wannan ƙaramin kambas na yarinyar ne, ta zagaya motar ta tsaya a gaba. Wannan kuma dattijo ne mai jan ƙafar dama, ya zo ya tsaya a gindin gilashi ya jima, bai durƙusa ba, ya koma. Na ukun shi ne abokin aikinmu. Takalmin roba mai tsawo, irin na shiga ruwa. Ya durƙusa a ƙofar direba, ga gwiwoyinsa. Dubi abin da ya zubar."

Baƙar laka ce busasshiya, 'yar mitsitsiya. Ya murje ta a yatsa ya shinshina. "Fadama," ya ce. Ya sa mai gadi ya kawo kwanon ɗiban yashi ya kife a kan sawu ɗaya, ya ce duk wanda ya ɗaga shi da shi.

Mai jan ƙafar dama kuwa ai ba sai an faɗa mini ba. Malam Isyaku ne mai wayarin, wanda shi yake yi mana aikin wuta kafin zuwan Khaulat. Na fara tsalle ina cewa mun gama.

"Ba mu fara ba ma," in ji Kawu.

Sannan ya nufi Shaho. Bai taɓa komai ba, hannuwansa a baya, ya zura kai ta bayan motar. Can sai ya kira ni. A jikin ƙarfen kejin, ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, wata siririyar waya ce a kwance, an ɗaure ta da yankin baƙar robar tub.

"Sauran wayoyin duk da farin abin nan na leda aka matse su," ya ce. "Wannan ita kaɗai ce da roba. Waya ma ai sawu ce, mu bi ta."

Muka bi ta da ido. Ta taso daga kan batir, ta bi ƙarfe ta yi gaba, ta shige ƙarƙashin kujerar direba ta ɓangaren ƙofa. A nan ta haɗu da wata 'yar'uwarta, an feƙe bakinsu an murɗe su tare da hannu. Ita wancan kuma ta rabu, reshe ya yi wajen inji, reshe ya koma wajen tankin mai.

"Ka san aikinta?" ya tambaye ni.

"Ni lasifika na sani, Kawu."

"To mu biyu jahilai. Mu je wajen masu sani."

* * *

Malam Isyaku yana shagonsa a bayan tasha, batura jere a gabansa. Yana hango mu fuskarsa ta canza. Aka gaisa sama-sama.

"Malam Isyaku, me ya kai ka garejin Alhaji ranar Talata?" Kawu ya tambaya.

"Wa ya ce na je?"

"Ƙafarka ta dama."

Ya juya sukuddireba a hannu. Ni na riga na tabbatar biri ya yi kama da mutum. An ƙwace masa aiki an ba yarinya, ga sawunsa a wurin, me kuma ake jira?

"Zan faɗa muku, amma don Allah kada wannan mai lasifikar ya kai ni gaba," ya ce. "Leƙe na je yi. Tun kafin a haifi yarinyar nan nake wayarin. Na san in ka cire batir mota na tashe, ba ta mutuwa, dainamo ne yake ci gaba da ciyar da ita. Amma nata makullin in aka murɗa, har dainamon ba ya ceton inji. Abin ya hana ni barci. Na ji kunyar in tambaye ta, shi ne na je in gani da idona. Ban taɓa ko ƙusa ɗaya ba."

"Kana ɗaure waya da robar tub?"

Nan take kunyar ta tafi, fushi ya zo. "Roba? Ni? Ga salatif, ga dalma, zan ɗaure waya da roba? An ce maka ni manomin rani ne da zan yi wa mota ɗaurin mesa?"

Kawu ya miƙe yana gyara hula. "Allah ya saka da alheri. Ka zo garejin bayan la'asar."

A waje na ce masa ni ban yarda da dattijon nan ba.

"Ba ka ji abin da ya ba mu ba?" ya ce. "Laka ta ce fadama, roba ta ce fadama. A cikinku wa yake da fadama?"

Mutum ɗaya ne ya zo mini, Jibril, yayan Yahuza. Kowa ya san ba ya ƙaunar tseren nan. A gaban jama'a ya taɓa cewa wata rana sai ya banka wa motar wuta kowa ya huta. Baki shi ke yanka wuya.

* * *

Muka tsallake zuwa fadamar Indabo. Tumatir da albasa sun yi kore shar, injinan ban ruwa na ta tatata a bakin kogi. Jibril ƙato ne, kafaɗarsa kamar ƙofar zaure. Mun same shi yana karkatar da ruwa da fartanya, idonsa jajir, don a asibiti ya kwana. Ya ce an sallami Yahuza da hantsi, yana gida.

Kawu ya yi masa jaje, ya yaba tumatir, ya tambayi farashin taki, yana yi yana takawa har ya isa wajen injin. Inda aka haɗa mesa da mesa, ga ɗaurin nan. Baƙar roba an naɗe ta, an cusa bakin ta ƙasa an jawo, babu ƙulli. Sak irin na jikin Shaho. A reshen mangwaro ga tsohon tub ɗin babur a rataye, an yanki gefensa, wurin yankan bai ko yi ƙura ba. A ƙofar bukka ga takalmin roba mai tsawo.

"Wa ya koya maka ɗaurin nan?" Kawu ya tambaya.

"Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Kai kaɗai ya koya wa?"

Jibril ya kau da kai. Kawu ya ɗauki takalmin ya juya shi, ya dubi ƙafar Jibril da take tsirara a cikin laka.

"Wa ya sa wannan ya shiga gari da asubahin Laraba?"

"Nawa ne, Baba."

"Ban tambaye ka mai shi ba."

Ruwa ya cika kwamin albasa har ya fara malala, Jibril bai lura ba. Kawu ya ce masa ya zo garejin bayan la'asar, shi da ƙaninsa, ya kuma ari takalmin ya rataya a kafaɗa.

A hanya na kasa haƙuri. Na ce yau rana ɗaya ta mai kaya ta zo, ɗan'uwa ya ƙona ɗan'uwansa, wannan labari har Kano sai ya kai.

"Kai dai tuƙa babur," ya ce. "Kuma ka kai ni gidan hedimasta."

A zaure Malam Abdulbaqi ya karɓe mu, ya kira 'yarsa ta zauna daga gefe. Da ganinta ka san ba ta runtsa ba. Kawu ya kwatanta mata wayar, daga inda ta taso zuwa inda ta rabu. Bai kai ƙarshe ba ta miƙe zumbur, ta manta a gaban wa take.

"Dairek aka yi mata, Baba. An tsallake makullaina duka biyun, an kai wuta kai tsaye daga batir zuwa inji da famfon mai. Ko makulli ɗari ka murɗa ba za ta mutu ba. Sai dai a cire kan batir, tunda makullin ya riga ya raba ta da dainamo."

"To in an murɗe wayoyin nan tun asuba, me zai faru?" in ji Kawu.

"Famfon zai yi ta ƙugi ba tsayawa, kowa zai ji. Kuma da na gwada da safe ba za ta mutu ba. Ai Yaya Nu'uman yana wurin, ta mutu. Ke nan a lokacin ba a haɗe suke ba, an dai shimfiɗa su an bari. Daga baya ne aka..."

Ta tsaya. Ta dubi Kawu, ta dubi ƙasa.

"Ya isa, 'yata," in ji Kawu. "Riƙe sauran sai la'asar."

Malam Abdulbaqi ya miƙe ya raka mu ƙofa. Ya dai ce zai zo.

* * *

Ban taɓa ganin garejin nan ya cika haka ba. Direbobi, bakanikai, 'yan jami'a, masu kifi, har a saman tifofi mutane ne. Alhaji Ja'afaru yana kan kujerar roba a tsakiya. Malam Isyaku a gefe yana zufa, Jibril a tsaye kamar dasasshe, Yahuza a kan benci hannunsa naɗe da bandeji an rataye masa a wuya. Mutane na ta yi masa sannu.

Kawu ya fara da roƙon Alhaji ya ba Malam Abdulbaqi jan makullin da ya zaro ranar gobarar. Dattijon ya karɓa ya riƙe a tafin hannu.

"Kowa ya ga makulli ba ya jikin mota," in ji Kawu. "Yarinya, mayar da kan batir."

Khaulat ta cusa bakin tiyon mai a cikin galan don kada ya zuba, sannan ta ɗora kan batir. Nan take wani ƙugi ya tashi daga bayan motar, fetur ya fara tsiyaya a galan. Wurin ya ɗauki hayaniya.

"Nu'uman, zura hannu ƙarƙashin kujera ka raba wayoyin nan."

Na raba. Tsit. Na haɗa, ƙugi ya dawo. Na raba, tsit. Wallahi sai da na maimaita fiye da yadda aka sa ni, don daɗin da ya kama ni ba ya misaltuwa. Malam Isyaku ya matso ya leƙa, ya ce da ƙarfi kowa ya ji, wannan ba aikin yarinyar ba ne, kuma ba na mai wayarin ba ne.

Kawu ya nuna musu ɗaurin robar, ya ɗaga takalmin, ya faɗi inda ya samo shi. Idanu suka koma kan Jibril. Alhaji Ja'afaru ya miƙe.

"Jibril, ashe da gaske kake? Ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya?"

Jibril ya ɗago kai. "Ni ne," ya ce. "A yi mini abin da za a yi."

Samari suka fara matsowa. Kawu ya ɗaga sandarsa, ba wanda ya ƙara taku.

"To tunda kai ne, sa takalminka ka taka mana yashin nan."

Jibril ya sa, ya taka zuwa bayan tankin ruwa. Kawu ya ɗage kwanon da ya kife da safe. Ga tsohon sawu, ga sabo, gefe da gefe. Ko ni da ban san komai ba na ga bambanci. Na Jibril ya zauna daram, ya nutse daga diddige har yatsu. Na Laraba kuwa bai nutse ba, gabansa fayau, diddigen ya ja layi a baya.

"Takalmi ɗaya ne, ƙafa ce daban," in ji Kawu. "Wanda ya sa shi ranar Laraba ba shi da nauyi, kuma ƙafarsa yawo take a ciki. Jibril, ɗan'uwa rabin jiki ne, na sani. Amma ga 'yar mutane an ɗora mata abin da ba ta yi ba, kai ma kana so ka ɗauki abin da ba ka yi ba. Yarinya, ƙarasa maganar da na ce ki riƙe."

Khaulat ta dubi jama'a ta ce: "Da safe na gwada, motar ta mutu. Wayoyin a rabe suke a lokacin. Bayan nan aka haɗa su. Kuma daga gwajin nawa har zuwa gobarar, mutum ɗaya ne ya shiga motar."

Kawu ya taka a hankali har gaban benci, ya tsuguna yadda yake tsugunawa a kan sawu.

"Yahuza, wuta na ci, ƙofa a buɗe. Me kake nema a ƙarƙashin kujera?"

Yahuza ya dubi bandejinsa, ya dubi yayansa da yake tsaye cikin takalmin roba. Sai hawaye.

"So nake in raba su," ya ce. "Na murɗe su da ƙarfi, suka ƙi rabuwa."

Wata mata a cikin masu kifi ta yi salati. Shi kuwa ya ci gaba, kansa a ƙasa.

"Makon jiya gwiwata ce ta bugi makullin ciki a kwana, motar ta mutu. Aka yi ta kirana kaza har a masallaci. Na ce in haka ta faru ranar Asabar a gaban 'yan Kano, gara in bar garin. Duk motar hayar da na taɓa tuƙawa, in makulli ya dame ka dairek ake yi mata, a wuce wurin. Na taso daga ban ruwa da asuba na zo na shimfiɗa wayar, na ce in na hau fili zan haɗa, in na gama in raba, ba wanda zai sani. Da na ji ana zaginta a asibiti, wallahi bakina ne ya yi nauyi. Khaulat, ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallonsa. Ni na ɗauka za ta wanke shi tas, kuma da ta yi ba wanda zai ga laifinta. Sai ta zagaya ta nuna makullin ciki, inda yake a gefen giya.

"Ƙusa biyu ce ta riƙe shi, Yaya Yahuza," ta ce. "Da ka faɗa mini, kafin ka gama shan shayi na matsar maka da shi."

Yahuza ya kifa kai a cinya. Jibril ya zo ya zauna kusa da shi, ya dafa bayansa. Alhaji Ja'afaru ya ce bana dai Yahuza ba zai hau fili ba, makullai kuma suna nan daram, wanda bai so ba ga ƙofa. Direbobin da suke cewa jan bala'i jiya kowa ya kama sosa ƙeya. Na lura har da mutum biyu da suka sulale wajen motocinsu suna leƙa ƙarƙashin kujera, ni kuwa na haddace fuskokinsu saboda ranar Asabar.

Duk wannan Khaulat ba shi take jira ba. Mahaifinta take kallo.

Malam Abdulbaqi ya tako har gaban motar. Ya juya jan makullin a hannunsa kamar mai duba ƙwai, sannan ya miƙa mata.

"Mayar da shi wurinsa," ya ce. "Saura mota nawa ba ki duba ba?"

"Duka sai na sake dubawa, Baba. Har ƙarƙashin kujera."

"Kafin Asabar? Ke kaɗai?"

"Ga ni, ranka ya daɗe," in ji Malam Isyaku daga baya, "in za ta ɗauki tsohon ɗalibi."

Malam Abdulbaqi ya juyo wajena. "Nu'uman, hau babur ka je gida, ka ce wa mahaifiyarta ta ba ka akwatin nan, yana ƙarƙashin gadona. Yi sauri, rana na tafiya."

Ina tayar da babur na waiwaya. Hedimasta ya naɗe hannun babbar riga har kafaɗa, ya riƙe bonet ɗin mota ta gaba, 'yarsa na nuna masa inda zai tokare.